Amsa ga Alhaji kan batirin tanki da zafin Haɗeja

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara girma da lafiya. Na karanta saƙonka, kace ƙungiyarku ta manoman shinkafa can wajen Haɗeja kuna shirin kafa sola babba wadda zata riƙe injin casa da rana, da dare kuma ta ba gari wuta ta riƙe ɗakin sanyi, sai wani kamfani ya kawo muku tayin batirin tanki, irin wanda famfo ke zagaya ruwansa, mai tallan yace ruwan baya mutuwa ko shekara 20 za'ayi, shi kuma yaronku da yayi karatun lantarki yace batirin yana cinye kusan kashi 30 na duk wutar da aka zuba masa, toh wa ke da gaskiya a cikinsu?

Ranka ya daɗe dukansu sun faɗi gaskiya, kowa ɓangaren da ya dame shi ya kama. Amma akwai abu na uku da babu wanda ya faɗa maka, kuma a wajena shine zai yanke hukunci a ƙasa irin tamu, wato yadda wannan ruwan yake yi idan zafin bazara ya kama shi. Zan zo kansa, bari dai in fara da yadda abin ke aiki don maganar ta zauna.

A batirin mota ko na litiyom wutar tana zaune ne a jikin farantan dake cikin akwatin. A wannan kuwa wutar a cikin ruwan take. Tanki biyu ne manya, kowanne da famfonsa, suna tura ruwan ya bi ta cikin wani jerin faranti da aka matse wuri ɗaya, masu aikin suna ce masa sitak, a kowane gida na sitak ɗin akwai bargon kabon gefe da gefe da wani tantani siriri a tsakiya wanda ke hana ruwan biyu haɗuwa amma yana barin ƙananan ƙwayoyin asid su ƙetare. Girman sitak shi ke nuna ƙarfin da zaka ja a lokaci ɗaya, girman tanki kuma shi ke nuna awa nawa zaka ja. Tunda haka ne kaga duk wata asara ko riba daga ruwan take farawa, me aka narka a ciki, nawa aka narka, da wane asid, a wane zafi.

Kusan tabbas abinda aka kawo muku na banadiyom ne, wato wani ma'adini dangin ƙarfe da ake narkawa a ruwan, don shine ya fi yawa a kasuwa. Hukumar NASA ta Amurka ce ta haɓaka wannan hanya ta batirin tanki a shekarun 1970 da ƙarfe a tanki ɗaya kuromiyom a ɗayan, sai matsala ta taso, babu tantanin da yake tarewa ɗari bisa ɗari, a hankali ƙarfen ya tsallaka can kuromiyom ya tsallako nan ruwan ya gurɓace. A shekarun 1980 ne Farfesa Maria Skyllas-Kazacos ta jami'ar New South Wales dake Sidni a Ostireliya ta kawo dabarar a zuba sinadari iri ɗaya a tankin duka biyu. Banadiyom yana iya zama a mataki huɗu na caji a cikin ruwa kuma kowanne da kalarsa, mai 2 shunayya, mai 3 kore, mai 4 shuɗi, mai 5 ruwan ɗorawa. Idan ana caji tankin nagetif yana juyawa daga kore zuwa shunayya, na fozitif kuma daga shuɗi zuwa ɗorawa, da idonka zaka gani idan akwai tiyo mai haske. Ko ya tsallaka tantani ɗan gida ne, a haɗa ruwan biyu a gauraya a sake caji shikenan ya dawo. Anan gaskiyar mai tallan take, banadiyom ɗin kansa baya ƙonewa baya ƙarewa, bayan shekaru ma ana iya tace ruwan a sake amfani dashi ko a sayar.

Sai dai rashin mutuwa daban, dawo da wuta daban. Mu a lissafinmu asarar cikin batirin gida biyu muke raba ta. Na farko, cajin da ka zuba nawa ya dawo. Na biyu, da wane ƙarfin bolt ya dawo. Sai a ninka su biyun a samu wutar da ta dawo gaba ɗaya, kafin ma a cire na famfo da inbata.

Na farkon yana zurarewa ta wajen tantanin nan da na faɗa. Duk ƙwayar shunayya da ta tsallaka ta haɗu da ɗorawa, nan take zasu kashe cajin juna, wutar ta zama zafi kawai ba wanda ya amfana. Tantanin da aka fi sani, Nafion, yana da kyau wajen barin asid ya wuce da sauri amma yana barin banadiyom ma ya ɗan bi, idan ka sa mai kauri tsallakawa ta ragu sai kuma turjiya ta ƙaru bolt ya faɗi, kullum ciniki ne. Ruwa ma yana bin su, shi yasa bayan wani lokaci zakaga tanki ɗaya ya fi ɗaya cika, ba yoyo bane, haka abin yake kuma ana daidaita shi.

Wadda ta fi wannan ciwo itace iskar haidirojin. Ruwan batirin nan yawancinsa ruwa ne, shi kuma ruwa a lissafi daga bolt 1.23 yake iya fara fashewa ya zama iska, gidan banadiyom guda kuma 1.26 yake bayarwa, lokacin caji ana tura shi sama da haka. Abinda ya cece mu shine kabon baya son fitar da haidirojin, yana jan ƙafa sosai. Toh amma idan ɗan tagulla ko nikel ya shiga ruwan, ko kaɗan ne, zai je ya liƙe a bargon kabon na gefen nagetif ya zama wajen da iskar ke fita cikin sauƙi. Daga nan wutar da ya kamata ta mayar da kore shunayya sai ta tafi wajen yin kumfa, gefen fozitif yana cika gefen nagetif bai cika ba, batirin ya karkace, kuma wannan karkacewar gauraya tanki baya gyara ta, sai an zuba sinadarin da zai sauko da ɗorawar kamar asid na okzalik ko ayi da na'ura ta musamman. Dan Allah Alhaji ka riƙe wannan, don nasan halinmu na gyara, tiyo ya fashe sai a kira mai gyaran injin ban ruwa ya ɗaure da mahaɗin tagulla ko bawul na ƙarfe, ruwa ya ragu sai a ɗebo na burtsatse a ƙara. A nan wajen ko ɗaya baya yiwuwa, komai roba ne mai jure asid, ruwan ƙari kuma sai tatacce wanda babu gishirin komai a cikinsa. Haka murfin tanki, ba'a buɗewa don a leƙa. Shunayyar nan da zarar ta sha iska zata koma kore, cajin ya tafi a banza, shi yasa ake cika saman tankin nagetif da iskar naitirojin a rufe ruf.

Idan ruwa mai tsabta ne kuma an kula, wannan gida na farko yana dawo da kashi 95 zuwa sama. Babbar asarar a gida na biyu take, wajen bolt. Kana caji sai ka tura da ƙarfi fiye da 1.26, kana ja kuma ƙasa da haka yake zuwa maka, tazarar nan ita ce asarar, kuma iya saurin da kake zuba ko kake ja iya faɗin tazarar. Ruwan yana da hannu sosai a ciki. Yawanci ana narka banadiyom mol 1.6 zuwa 2 (mol ma'aunin yawan sinadari ne) a kowace lita cikin asid na salfa, dangin wanda ke batirin mota. Mutum zai ce me zai hana a ƙara banadiyom tanki ya ƙanƙance? Idan ka ƙara sai ruwan yayi kauri, ƙwayoyin su rage saurin tafiya, famfo ya ƙara shan wuta wajen tura shi ta cikin bargon kabon, ga kuma haɗarin ya daskare. Idan ka ƙara asid ruwan zai fi ɗaukar wuta kuma ɗorawa zata fi zama lafiya, amma su shunayya da kore da shuɗi sai su ƙi narkewa yadda ya kamata. Wannan ne yasa lita ɗaya bata wuce wat-awa 15 zuwa 25, wato idan kuna son ajiye kilowat-awa 200 kuyi shirin wajen lita 10,000 na ruwan asid.

Akwai wata asara ma da ba'a cika faɗa ba, tunda ruwan yana ɗaukar wuta kuma tiyo ɗaya ke raba shi ga duk gidajen sitak, wuta tana ɗan sulalewa ta cikin ruwan daga gida zuwa gida. Sannan famfo da kwamfutar dake kula da batirin suna cin nasu ko ana jan wuta da yawa ko kaɗan. Wannan ya shafe ku kai tsaye, don ƙarfe 2 na dare a ƙauye ƙwan fitila ne da fanka da ɗakin sanyi kawai, lodin kaɗan ne, amma famfo yana juyawa, sai kason da yake ci ya zama babba a kan abinda ake ja. Masu kyau suna rage gudun famfo ko su kashe wasu sitak idan lodi ya sauka, ka tambaya ko naku yana yi.

Toh yanzu maganar zafi, wadda saboda ita na zauna nake wannan dogon rubutu. Mun saba sukari ya fi narkewa a shayi mai zafi, ita ɗorawar banadiyom akasin haka take yi. Idan ruwan ya wuce digiri 40 kuma ya daɗe a haka, sai ta fara fita daga ruwan tana zama gari ja-ja mai kama da garin bulo. Na gani da idona a ɗakin gwaji lokacin karatu, kwalba ce da ruwa garau ruwan ɗorawa aka bar ta a tanda mai ɗumi, da aka fito da ita ruwan ya dushe ga laka ta kwanta a gindi, kuma ko da ta huce lakar bata koma ta narke da kanta ba. A kwalba abin kallo ne, a cikin batir kuwa bargon kabon zata toshe da ƙananan hanyoyin ruwa, famfo ya dinga nishi, wani gidan ya rasa ruwa yayi zafi, tantani ya lalace. Ta ƙasa kuma idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 sauran kalolin ukun ne ke fita daga ruwan suna daskarewa, amma wannan bai dame ni ba, ko a tsakiyar hunturu tanki mai dubban lita da ke aiki kullum da wuya yayi wannan sanyin a wajenmu.

Kai ka fi ni sanin watan Afrilu da Mayu a Haɗeja da Gumel da Malam Madori, a inuwa ma ana wuce 40, balle cikin kwantena ta ƙarfe da aka ajiye a fili. Ƙari akan haka duk wutar da nace tana ɓata a cikin batirin zafi take zama kuma a cikin ruwan take zama. Ga kuma inda abin ya haɗe mana, ɗorawa ta fi yawa ne lokacin da batir ya cika, batirin sola kuma yaushe yake cika? Tsakanin azahar da la'asar, daidai lokacin da rana ta fi duka. Wato lokacin da ruwan ya fi rauni shine lokacin da zafi ya fi yawa, kullum, har damina ta sauka. Manyan ayyukan da masu talla ke nuna hotonsu, na Dalian a Sin mai megawat 100 da megawat-awa 400 da aka kunna a 2022, da na tsibirin Hokkaido a Japan mai megawat 15 da megawat-awa 60 tun 2015, duk gaskiya ne suna aiki, amma garuruwa ne da dusar ƙanƙara ke sauka, basu san bazarar Jigawa ba.

Kar ace zafi sharri ne zalla, ɗumi daidai misali digiri 30 zuwa 35 yana sa ruwan ya saki, turjiya ta ragu, bolt ya gyaru, sai dai tsallaka tantani da fitar haidirojin suma suna ƙaruwa. Matsalar idan an haura ne. Kamfanoni suna da hanyoyin kare kansu, wasu su zuba asid na fosfet kaɗan wanda ke jinkirta lakar, wasu su sa kwamfuta ta hana batirin cika idan ruwan yayi zafi, wanda ma'anarsa ka biya kuɗin tanki cikakke amma a bazara bazaka samu cikakke ba, wasu kuma su sa na'urar sanyaya ruwa, ita kuma daga solar taku zata ci. A 2011 ɗakin binciken gwamnatin Amurka na PNNL ya fito da haɗin asid biyu, na salfa da na kulorin, wanda ke riƙe banadiyom har mol 2.5 kuma ya jure daga digiri 5 ƙasa da sifili zuwa 50. A takarda wannan ne ya dace damu, amma idan caji ya wuce gona da iri yana iya fitar da iskar kulorin mai guba kuma ya fi cin kayan aiki, don haka sai da kulawa ta gaske.

Sauran ruwayen da ake yin batirin tanki dasu a gurguje. Na tutiya da buromin yana bada kusan bolt 1.8 kuma ya fi jure zafi, amma tutiyar liƙewa take a faranti tana fitar da tsinke-tsinke masu iya huda tantani, dole duk bayan 'yan kwanaki a sauke batirin har ƙasa a wanke ta, buromin kuma guba ne sai an ɗaure shi da wani sinadari. Kamfanin Redflow na Ostireliya da yayi suna a kansa ya durƙushe a 2024, kaga wanda ya saya yanzu neman kayan gyara ya zama aiki. Na ƙarfe zalla irin na kamfanin ESS a Amurka ruwansa gishirin ƙarfe ne mai araha kuma bashi da haɗari sosai, bolt 1.21, sai dai shi haidirojin ce babbar damuwarsa don tana rige-rige da ƙarfen wajen fita, idan tsamin ruwan ya ragu kuma tsatsa ta kwanta, sai da na'urar dake mayar da iskar cikin ruwan. Na ƙarfe da kuromiyom ya dawo kasuwa musamman a Sin, shi ɗumi ma yake so don kuromiyom nawa gareshi. Akwai kuma na sinadaran da ake haɗawa daga kabon wanda masana a jami'ar Harvard suka nuna a 2014, ina fatan ya yi nasara don zai raba mu da tsadar banadiyom wanda yawancinsa daga Sin da Rasha da Afirka ta Kudu yake fitowa kuma farashinsa yana bin kasuwar ƙarfen gini, amma ƙwayoyinsa suna lalacewa da lokaci, ba abinda ƙungiyar manoma zata zuba kuɗinta bane yanzu.

Mu dawo kan lissafin yaronku. A matsayin misali, ace gida na farko ya dawo da kashi 96, na biyu 85, idan ka ninka ka samu wajen 82. Cire famfo da kwamfuta da inbata shiga da fita, sai ka sauko tsakanin 65 da 75, inda yawancin batiran banadiyom suke kenan idan aka auna daga waya zuwa waya, litiyom kuwa yana kai 85 zuwa sama. Idan daren garinku na buƙatar kilowat-awa 200, a kashi 70 sai kun zuba kusan 286 da rana, a kashi 90 kuwa 222 ya isa. Bambancin 64 ne kullum, a ranarmu da kilowat ɗaya na fanel ke bada wajen kilowat-awa 5 a yini, ƙarin fanel na kilowat 13 kenan. Yaron yayi daidai, Allah ya yi masa albarka. Amma fanel yanzu shine abu mafi sauƙi a cikin kayan sola, wannan kaɗai bai isa a ƙi batirin ba, musamman da yake baya kamawa da wuta kuma ana iya sauke shi ƙasa sosai kullum bai tsufa ba, shi ma litiyom zafinmu yana rage masa kwana.

Ni a ganina, gida ko shago ko kemis su tsaya a litiyom, babu ruwansu da tanki. Aiki irin naku na awa 8 zuwa 10 kowane dare shine inda batirin tanki ke da hujja, amma ban yarda ku sa hannu ba sai sun rubuta muku a takarda kashi nawa ke dawowa daga waya zuwa waya, da famfo da sanyaya a ciki, a zafin waje na digiri 45, da kuma a ƙaramin lodi na tsakar dare. Su faɗi wane asid ne, mol nawa, a digiri nawa kwamfutar ke hana caji cika, kuma wa zai zo ya ɗebi ruwan ya auna ya daidaita shi duk shekara, daga ina zai taso, Kano ko Legas ko ƙasar waje. Wajen ajiyewa kuma kar a yarda da kwantena a rana, a gina ɗaki mai kaurin bango da rufi mai tsayi da iska ke ratsawa, a yi masa dakali mai baki a ƙasa wanda zai tare ruwan duka idan tanki ya fashe, don asid ne da banadiyom mai guba, ga ku a bakin fadama ruwan ƙasa kusa yake da rijiyoyin mutane.

Ka sa yaron ya ɗauki hoton takardar bayanan batirin, musamman shafin da aka rubuta iyakar zafin ruwan da na garanti, ya turo min in duba kafin zamanku na gaba da su. A gaida mutanen gida da sauran 'yan ƙungiya.